RAHOTON MUSAMMAN: Yadda Linux ke tayar da tsohuwar sikanar fim, da abin da hakan ke nufi ga garuruwa irin su Auna

Duk lokacin da aka tayar da maganar madatsar ruwan Auna, da ke Ƙaramar Hukumar Magama a masarautar Kontagora ta Jihar Neja, zancen kuɗi ake fara yi: nawa aka ware, nawa aka kashe, nawa ya rage. Aikin, wanda ke hannun Hukumar Raya Kogin Neja ta Sama mai hedikwata a Minna, ya faro tun shekarun 1980, ya kuma ga gwamnatocin soja da na farar hula sun zo sun wuce. Amma akwai wata tambaya da ba kasafai ake yin ta ba, alhali ita ce ta fi damun manomin da ke bakin ruwa. Shin me ke kan ƙasar nan a ranar da aka fara auna ta? Gidaje nawa, rumbuna nawa, itatuwan kaɗanya da na ɗorawa nawa?

Tambayar tana da nauyi a shari'a. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta ɗora biyan diyya ne a kan abin da mutum ya gina ko ya shuka a filin da gwamnati ta karɓa. Idan shekaru sun ja, shaidu sun rasu, takardu sun sha ruwa, abin da kan rage shi ne hoto. Kuma duk hoton da injiniya ko safiyo ko jami'in yaɗa labarai ko mai hoton gari ya ɗauka a wancan zamani, a kan fim ya ɗauke shi, domin kyamarar dijital ba ta yaɗu ba sai a shekarun 2000.

Yankin ya san ma'anar wannan tun kafin madatsar Auna. Lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968, tafkin da ya taru ya tashi fiye da mutum 40,000 daga garuruwansu, har da tsohuwar Bussa da ruwa ya shanye. Wanda ke son ganin yadda waɗannan garuruwa suke a da, ba shi da madogara sai hotunan da aka ɗauka kafin ruwan ya taso. Haka abin yake ga kasuwanni da bukukuwan Kambarin Auna, da naɗe-naɗen sarauta, da buɗe makarantu da asibitoci. Asalin duk waɗannan hotuna shi ne nagatif, siririn fim ɗin nan mai duhu da mai hoto kan cusa cikin ambulan bayan ya wanke hoto.

Nagatif ba ya jiran kasafin kuɗi

Yawancin fim ɗin da aka yi aiki da shi daga shekarun 1950 zuwa gaba an yi gindinsa ne da wani sinadari da ake kira asitet. Zafi da danshi suna ruɓar da shi sannu a hankali. Alamar farko ita ce warin tsami irin na ruwan kal da ke bugun hanci da zarar an buɗe akwati. Daga nan fim ɗin ya fara tsukewa, ya kanannaɗe, fatar da ke ɗauke da hoton ta tattare ta ɓare. Cibiyar binciken ɗorewar hotuna da ke Rochester a Amurka ta ƙiyasta cewa a ɗaki mai ma'aunin zafi 21 da matsakaicin danshi, cutar kan kama fim cikin kimanin shekara 40. Siton ofis mai rufin kwano a Kontagora ko Nasko, a watan Afrilu, ya yi nisa da wannan sanyi. Damina kuma ta zo da fumfuna, hunturu ya zo da ƙura. Fim ɗin da aka ɗauka a 1985 ya riga ya shiga shekarun haɗari.

Najeriya ta taɓa ɗanɗana wannan a fagen majigi. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗaukar cewa ya ɓata. A 2016 aka gano gwangwanayensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi ta mayar da shi dijital, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Wannan fim ne mai suna, shi ya sa ya sami masu ceto. Nagatif ɗin da ke cikin durowar ofishin ƙaramar hukuma ba shi da wanda zai zo daga Turai domin sa. Ma'aikacin da ke riƙe da mabuɗin durowar shi ne kaɗai gatansa.

Na'ura lafiya lau, amma ba ta magana

Ba a yin sikanin nagatif da irin sikanar da ake kwafar takardu. Takarda haske ake haska mata ya dawo, shi kuwa fim dole haske ya ratsa shi ta baya. Ga shi ƙarami, milimita 24 da 36 kacal a fim mai faɗin milimita 35, don haka sai an karanta shi da ɗigo dubbai a kowane inci kafin a fito da fuskar mutum ko lambar mota. Akwai na'urori na musamman domin wannan aiki, irin su Coolscan na kamfanin Nikon da OpticFilm na kamfanin Plustek, akwai kuma shimfiɗaɗɗun sikanoni masu fitila a murfi, kamar jerin Perfection na Epson.

Matsalar da ta fi kashe waɗannan na'urori ba ta cikin ƙarfensu. Kowace na'ura tana bukatar direba, wato ƙaramar manhajar da ke yin tafinta tsakaninta da babbar manhajar kwamfuta. Idan kamfani ya daina ƙera na'ura, yakan daina sabunta direbanta. Nikon ya bar ƙera Coolscan fiye da shekara goma da suka wuce, manhajarsa kuma ta tsaya a zamanin tsofaffin Windows. Sai a wayi gari sikana tana kunnuwa, fitilarta na haske, amma sabuwar kwamfutar ofis ba ta san da zamanta ba. A takardar sito sai a rubuta cewa ta lalace, a jira ranar gwanjo.

Lamarin ya ƙara tsananta tun 14 ga Oktoba, 2025, ranar da Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10. Tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Ofishin da ke da tsohuwar kwamfuta da tsohuwar sikana yana iya zubar da su duka biyun a lokaci guda, alhali babu wadda ta mutu a cikinsu.

Inda buɗaɗɗiyar manhaja ta shigo

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Linux, babbar manhajar da Linus Torvalds ya fara a 1991, buɗaɗɗiya ce: kowa na iya duba rubutun da aka gina ta da shi, ya gyara, ya rarraba, ba tare da sayen lasisi ba. Nau'o'inta irin su Debian da Ubuntu da Linux Mint suna tafiya a kan kwamfutocin da Windows ya yi wa ritaya.

A kan Linux, harkar sikana tana hannun wani shiri mai suna SANE, wanda aka faro a tsakiyar shekarun 1990. Tsarinsa ya kasu gida biyu. Akwai direbobin da ke magana da na'ura kai tsaye, akwai kuma manhajojin da mutum ke gani a allo, kamar XSane da Skanlite da Simple Scan. Da yake masu sa kai ne suka rubuta yawancin direbobin, kuma rubutun a buɗe yake, janyewar kamfani ba ta kashe su. Direban da ake kira coolscan3 yana tafiyar da Coolscan IV da V da 4000. Wanda ake kira epson2 yana ɗaukar manyan sikanonin Epson irin su V700 da V750. A 2020 kuma aka ƙara wa direban genesys ikon tafiyar da wasu nau'o'in OpticFilm na Plustek.

Sai dai abin ba duka ya zama ɗaya ba. Wasu na'urorin, kamar Epson V600, ba sa aiki sai an haɗa da wani ƙarin rufaffen ɓangare da kamfanin da kansa ke bayarwa. Wani lokacin kuma kamfani kan sauya ƙwaƙwalwar da ke cikin na'ura ya bar sunanta yadda yake, kamar yadda ya faru da OpticFilm 8200i, ta yadda ta jiya za ta yi aiki, ta yau ta ƙi. Ga wanda ya rasa mafita a SANE, akwai VueScan, manhajar da Ed Hamrick ya fara fitarwa a ƙarshen shekarun 1990. Ta kuɗi ce kuma rufaffiya ce, amma tana tafiya a kan Linux, ta kuma san tsofaffin sikanoni masu ɗimbin yawa.

Matakan da ma'aikaci zai bi

A ɗauki misalin jami'in da aka ba tsohuwar sikana da kwalin nagatif, aka ce ya je Auna ya yi aiki. Kafin ya bar Abuja ko Minna ya kamata ya gama duk wani saukar da manhaja, domin kada ya dogara ga intanet ɗin da zai tarar a can.

Mataki na farko shi ne tabbatar da cewa kwamfuta ta ga na'urar. Bayan ya jona wayar USB, sai ya buɗe tagar umarni ya rubuta lsusb. Za a jero masa duk abin da ke jone, kowanne da lambobi biyu, ta kamfani da ta na'ura. Lambar Nikon ita ce 04b0, ta Epson 04b8, ta Plustek 07b3. Waɗannan lambobi, ba sunan da ke jikin kwali ba, su zai gwada da jerin na'urorin da SANE ya san da su. Idan sikanar ba ta fito ba sam, laifin yana ga waya ko rami ko wutar na'urar. Wasu tsofaffin Coolscan ma ba USB suke amfani da shi ba, sai FireWire, wanda sababbin kwamfutoci ba sa zuwa da raminsa. Irin waɗannan sai an nema musu kati an dasa a babbar kwamfutar tebur.

Mataki na biyu shi ne umarnin sane-find-scanner, wanda ke laluben duk abin da ya yi kama da sikana, sannan scanimage -L, wanda ke faɗin wadda direba ya amsa mata. Idan na farko ya gan ta, na biyu bai gan ta ba, to yana iya zama ɗayan abu biyu. Ko dai ba a kunna sunan direban a fayil ɗin dll.conf da ke cikin /etc/sane.d ba, ko kuma SANE ɗin da ke kan kwamfutar ya tsufa, yana bukatar sabuntawa.

Mataki na uku, wanda ya fi kayar da sababbin shiga, shi ne izini. Linux ba ya barin kowa ya taɓa kowace na'ura. Sau da yawa sikana kan amsa wa mai cikakken iko a kan kwamfutar, ta yi shiru ga ma'aikaci na yau da kullum. Maganin shi ne a saka sunan ma'aikacin cikin rukunin masu izinin sikana, a tabbatar da ƙa'idar udev ta san lambar na'urar, sannan ya fita ya sake shiga. Yin aiki kullum da cikakken iko domin kauce wa wannan mataki ganganci ne, musamman a kwamfutar gwamnati.

Mataki na huɗu shi ne zaɓin yadda za a ɗauki hoton. A shimfiɗaɗɗiyar sikana dole a zaɓi fitilar murfi a cire farin allon da ke rufe ta. A ɗauki hoton da zurfin launi na bit 16, a ajiye shi a matsayin TIFF, ba JPEG ba, domin JPEG yana zubar da wani ɓangare na bayanai duk lokacin da ya matse hoto. A kashe duk wani gyaran kai-tsaye da manhaja ke yi. Abin da ake so a wannan mataki shi ne kwafin gaskiya na abin da ke jikin fim.

Juya baƙi ya zama fari

Abin da zai fito a allo nagatif ne: sararin sama baƙi, inuwa fara. Idan fim mai launi ne, akwai wani ruwan lemo da ya lulluɓe shi baki ɗaya, wanda juyawa kawai ba ta cire shi. Manhajar darktable, ita ma buɗaɗɗiya, ta fito da wani sashe mai suna negadoctor a 2020 domin wannan aiki, haka RawTherapee tana da nata. Ana nuna wa manhajar gefen fim inda babu hoto, ta auna launin gindin, ta cire shi daga sauran. A kan kwafi ake yin wannan gyara, asalin fayil ɗin kuwa ba a taɓa shi.

Akwai tarko guda game da ƙura. Sikanoni masu tsada suna haska fim da hasken infared, wanda ido ba ya gani, domin gano ƙura da ƙarce su share su. Dabarar tana aiki a fim mai launi. A fim mai fari da baƙi na gargajiya kuwa, hoton kansa da ƙwayoyin azurfa aka yi shi, hasken ba ya ratsa su, sai na'urar ta ɗauki hoton duka a matsayin datti ta ɓata shi. Tun da hotunan hukuma na da yawancinsu fari da baƙi ne, a kashe wannan zaɓi, a koma ga ɗan famfon hura iska da burushi mai laushi da safar hannu ta auduga. Ba a goge nagatif da hannun riga, ba a hura masa iskar baki.

Lissafin wurin ajiya ma a yi shi tun kafin a rubuta takardar neman kuɗi. Hoto guda na fim mai milimita 35, idan aka karanta shi da ɗigo 4,000 a kowane inci, yakan ba da ɗigo kusan miliyan 21. Mai launi a bit 16 zai ci kimanin megabait 128, fari da baƙi kuma kashi ɗaya cikin uku na hakan. Naɗin fim ɗaya mai hoto 36 ya kai gigabait huɗu da rabi ke nan. Sannan ga maganar wuta. Kowane hoto yana ɗaukar mintuna, kuma idan wuta ta ɗauke a tsakiya sai an sake daga farko, don haka batir da inbata ko sola suna cikin kayan aiki, ba ƙari ba ne.

Hoton da zai tsaya a gaban alƙali

Ga ma'aikacin gwamnati, fito da hoto mai kyau rabin aiki ne. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa kafin kotu ta karɓi abin da kwamfuta ta fitar, ciki har da takardar da ke bayyana na'urar da aka yi amfani da ita da yadda aka samar da bayanin. Saboda haka kowane ambulan na nagatif yana bukatar lamba, da rajistar da ta nuna inda aka samo shi, wanda ya yi sikanin, ranar da aka yi, sikanar da manhajar da aka yi aiki da su. Duk abin da aka rubuta a bayan ambulan, ko da fensir ne, a kwafe shi. Umarnin sha256sum yana ba kowane fayil wata doguwar lamba wadda ke sauyawa da zarar an taɓa ko ɗigo ɗaya, ita ce hatimin da ke nuna ba a yi wa hoto kwaskwarima ba. Nagatif ɗin kansa ba a zubar da shi bayan an gama. A raba masu warin tsami da masu lafiya, domin tururin da suke fitarwa yana harbin na kusa da su.

Hoto kuma ba ya faɗin sunansa. Dattawan Auna da Salka da Nasko da za su kalli hoto su ce wannan gonar wane ce, wancan kuma tsohuwar kasuwa ce, su ma ba za su dawwama ba. Wannan ne ya sa ya fi dacewa a kai sikana garin, maimakon a kwashe nagatif a kai Abuja. A Mali, shirin adana hotunan manyan masu hoton ƙasar da aka yi tare da Jami'ar Jihar Michigan ya yi sikanin nagatif a Bamako, asalin kayan kuma suka ci gaba da zama mallakar iyalan masu su. Idan kayan na mai hoton gari ne, haƙƙin mallaka nasa ne ko na magadansa, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shafi yadda za a yaɗa fuskokin mutane.

Abin da ke hannun mai rubuta takarda

Yawancin waɗanda za su yanke hukunci a kan wannan lamari ba za su taɓa buɗe tagar umarni ba. Su ne masu rubuta bayanin kayan da za a saya, da masu sa hannu a takardar gwanjo, da hadiman da ke tsara ayyukan mazaɓu. Abu uku ke hannunsu. Kafin a yi gwanjon sikanar da aka ce ta lalace, a sa ma'aikacin sashen kwamfuta ya gwada ta a kan Linux, gwajin da ba ya bukatar komai sai filasha guda da rabin yini. Kafin a sayi sabuwa, a rubuta a sharuɗɗan kwangila cewa dole ta yi aiki da SANE, a kuma gwada ta a gaban mai kawo kaya. Sannan duk kwangilar mayar da hotuna dijital ta tanadi miƙa fayilolin TIFF da rajistarsu, kwafi uku a wurare daban-daban, ɗaya daga ciki a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna ko Gidan Arewa.

Hukumomin da aikinsu ya shafi yankin, irin su hukumar kogin da ke riƙe da madatsar Auna da Hukumar Raya Yankunan da ke Samar da Wutar Lantarki daga Ruwa, dukkansu a Minna suke, ba su da nisa da Kontagora. Ranar da ruwa ya cika madatsar, za a zo da ƙorafe-ƙorafen filaye da diyya, kamar yadda aka saba a duk inda aka tare kogi. Jami'in da zai zauna a kan wannan teburi zai so a ce wani ya buɗe kwalin nagatif ɗin tun warin tsami bai kama shi ba.